Daga majigin Baban Larai zuwa Bankin Duniya: yadda kaɗa da gyaɗa su ka ƙare a ƙasar Ƙauran Namoda

IDAN ka tambayi ɗan kallo na yau wane ne fim ɗin Hausa na farko, zai ce maka Turmin Danya na 1990. In ya ɗan yi bincike, sai ya ce Shaihu Umar wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976. Amma tsofaffin ƙauyukan mu da su ka ga zamanin En'e su na da wata amsa dabam. Su Baban Larai su ka sani. Motar majigi ce za ta iso ƙofar gidan hakimi da la'asar, a kafa farin ƙyalle, a ta da inji, bayan isha'i gari ya fito kwan sa da kwarkwatar sa, mai sharhi ya na bayani da lasifika. To amma shi wannan fim ba na soyayya ba ne, ba kuma don nishaɗi kawai aka yi shi ba. Talla ce ta Gwamnatin Arewa, ana lallashin talaka ya rungumi noman zamani, ya shuka auduga da gyaɗa yadda malamin gona ya ce.

Me zai sa gwamnati ta kashe kuɗi ta shirya fim don ta lallashi manomi? Amsar ta na tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda, da kasuwar Shinkafi, da gonakin Zurmi. A can ne za ka ga yadda aka shekara kusan sittin hukuma bayan hukuma ta na zuwa da tsarin taimakon ƙaramin manomi, kowace da motocin ta da ma'aikatan ta, shi kuwa manomin ya na saurare, ya ɗauki abin da ya yi masa, ya bar masu sauran.

Inda dogo ya ƙare

Ƙaura ta ci sunan Muhammadu Namoda ne, jarumin Alibawa wanda ya yi fice a yaƙin da ya kai ga faɗuwar Alƙalawa a 1808. Gari ne na mayaƙa a bakin gulbin Gagare. Abin da ya maida shi garin ciniki shi ne layin dogo. Turawa sun janyo reshe daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura a 1929, kuma a nan ya tsaya. An sha maganar ƙarasa shi Sakkwato, ba a yi ba. Wannan tsayawar ce arzikin Ƙaura, domin duk wanda ke arewa da ita, daga Zurmi, Shinkafi, Isa har Sabon Birni, in dai ya na son kayan sa su kai teku, to dole jakin sa ko raƙumin sa ya sauke a nan.

Ba don fasinja aka yi wannan layi ba. Masaƙun Lankasha na Ingila su na tsoron dogaro da audugar Amurka kaɗai, shi ya sa a 1902 su ka kafa ƙungiyar BCGA a Manchesta don neman inda za a noma masu. Har yau a Funtuwa akwai unguwar da ake kira Bisije, sunan ke nan ya bi bakin Bahaushe. Su ne su ka yaɗa irin audugar Amurka mai suna Allen, su ka kafa injinan gurza a kan layin dogo, har da Gusau. Da farko ba su sha da daɗi ba, saboda masu kaɗi da masaƙan gida su na biyan manomi fiye da abin da Bature ke biya. Kaɗa, kamar yadda Zamfarawa ke kiran ta, ba baƙuwa ba ce a ƙasar. Abin da Bature ya kawo shi ne sabon iri, da sikeli, da kuma harajin da ba a karɓa sai da tsabar kuɗi. Harajin nan shi ne babban malamin gona na wancan zamani. Ko ka na so ko ba ka so, sai ka ware wani gefe na gona ka zuba abin da kanti zai saya.

Wani abin takaici, shekarar da jirgi ya iso Ƙaura ita ce shekarar da kasuwar duniya ta rushe. Farashin gyaɗa da auduga ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930, haraji kuwa bai sauka daidai da shi ba.

Yadda cinikin ke tafiya ya isa a yi masa littafi guda. A sama akwai manyan kamfanoni irin su UAC, John Holt, G.B. Ollivant da CFAO. A ƙarƙashin su akwai Kwarori da manyan 'yan kasuwar gida waɗanda ke karɓar jari daga kamfani. Su kuma su raba wa 'yan baranda, masu tare hanya da sikeli su saye kaya kafin ya shiga gari. Can ƙasa sai manomi, wanda sau da yawa ya riga ya cinye kuɗin tun amfani na gona. Wannan shi ne falle: da damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙare, sai ka karɓi kuɗi ko hatsi a hannun mai hali, da kaka ka biya da buhu a farashin da shi ya yanka. Ita auduga ta na da nata tsarin. Ana raba angurya kyauta ta hannun hakimai da dagatai, ba a sayarwa sai a kasuwar da hukuma ta amince, malamin duba ya tantance lamba ɗaya ce ko biyu ko uku, kuma bayan tsinka doka ce a tuge karan a ƙone saboda tsutsa. Wanda ya taɓa jin tsoho na ba da labarin yadda lamba ɗaya ke komawa lamba biyu in ba a ga malami ba, ya san cewa cuwa-cuwa ba a zamanin nan aka ƙirƙiro ta ba.

Hukumar ciniki

A 1949 aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da na auduga, a 1954 su ka koma ƙarƙashin hukuma guda ta Jihar Arewa. Hujjar da aka bayar mai kyau ce a baki: hukuma za ta yanke farashi ɗaya kafin kaka, ta kare manomi daga hawa da saukar kasuwar Landan, rarar shekarar alheri a ajiye don shekarar tsiya. A aikace kuwa sai rarar ta zama asusun gwamnati. Da irin wannan kuɗi aka zuba jari a masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957, da wasu ayyuka da dama da mu ke alfahari da su a yau mu na cewa aikin Sardauna. Ba na musun aikin Sardauna ne. Amma ya kamata a riƙa ƙarasa zancen: gumin mutumin Moriki da Kwashabawa da Badarawa ya na ciki, kuma ba a tambaye shi ba kafin a yanka.

Duk da haka, shekarun 1950 da 1960 su ne tsofaffin yankin ke kira lokacin kuɗi. Da kaka tashar Ƙaura ba masaka tsinke, buhunan gyaɗa jibge su na jiran wagunu. A Gusau an kafa masaƙar Zamfara da kamfanin matsar mai. A fadamun Shinkafi ana noman taba. Saurayi ya sayar da gyaɗa ya sayi keke Rali, ya kai kayan aure. Zamani ne da noma ke da makaɗan sa, irin su Amali Sububu, kuma sarautar Sarkin Noma ba ta ado ba ce.

Sai abubuwa uku su ka haɗu cikin 'yan shekaru. Farin 1972 zuwa 1974 ya cinye rumbuna da dabbobi. A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta share gonakin Arewa, har iri ya gagari mutane. Na uku shi ne kuɗin fetur. Gwamnati ta daina damuwa da kuɗin gyaɗa, albashin Udoji ya fito, aikin lebura a birni ya fi yinin noma tsoka, samari su ka kama hanya. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, kuma Nijeriya da ta kasance kan gaba wajen fitar da gyaɗa a duniya ta daina fitarwa.

Zuwan 'yan Wal Banki

Cikin wannan hali ne Bankin Duniya ya shigo. A Satumba 1973 shugaban bankin, Robert McNamara, wanda ya riƙe ma'aikatar tsaron Amurka lokacin yaƙin Biyetnam, ya yi wani jawabi a Nairobi inda ya ce daga yanzu bankin zai maida hankali kan ƙaramin manomi. Dabarar da su ka fito da ita ita ce a zaɓi yanki guda, a zuba masa komai lokaci ɗaya: hanya, ruwa, iri, taki, bashi da malaman gona. An gwada irin ta a Lilongwe ta Malawi, da wasu ƙasashen gabashin Afrika inda kofi da shayi ke matsayin da kaɗa da gyaɗa ke da shi a wurin mu. A Nijeriya an zaɓi wuri uku don gwajin farko a 1975: Funtuwa, Gombe da Gusau. Ka lura, duk ukun garuruwan auduga ne, duk ukun kuma a kan layin dogo. Aikin Gusau ya samu rancen dala miliyan 19, gwamnatin tarayya da ta jiha su ka ƙara nasu. An fara shi a ƙarƙashin Jihar Arewa-maso-Yamma, kafin a raba ta a 1976 ya zama na Jihar Sakkwato.

Tsarin tafiyar da aikin shi ne sabon abu. Bankin bai yarda a bar shi a hannun ma'aikatar gona ba. Aka kafa masa hukuma tasa, da asusun sa, da motocin sa, da albashin da ya fi na ma'aikatar, kuma manyan kujerun, irin su manaja da mai kula da kuɗi da injiniya, akasari baƙi ne daga waje. A Kaduna aka buɗe ofishin APMEPU mai bin diddigi da ƙididdiga, daga baya aka ƙara FACU a Ibadan don daidaita ayyukan jihohi. A ƙasa kuwa an gina cibiyoyin hidimar manoma, kowace da sito da ma'aikaci, don kada mutum ya yi doguwar tafiya kafin ya sayi taki ko maganin feshi. An yi hanyoyin burji, an gina ƙananan madatsai da rijiyoyi. An kawo garmar shanu bashi, da wani ɗan famfon feshi mai aiki da batir wanda ba ya buƙatar a yi ta jidar ruwa.

A takarda ba abin da ya rage. Matsalar ta na cikin gona. Shawarar da malamin gona ya zo da ita daga Samaru ita ce a shuka auduga da wuri, cikin watan Yuni, ita kaɗai ba gauraye, a sa taki, a yi feshi sau da yawa. Amma watan Yuni shi ne lokacin da magidanci da 'ya'yan sa ke fama da noman farko na gero da dawa. Wanda ya ga yunwar 1973 da idon sa, ta yaya za ka ce masa ya bar hatsi ya je ya yi wa masaƙa hidima? Shi ya sa ya ke jinkirta kaɗa sai Yuli ko Agusta, in ya tabbatar abincin gida ya kama ƙasa. Haka batun gauraye. Turawan aikin su na ganin gero da dawa da wake a gona ɗaya kamar rashin sani ne. Alhali tun kafin a fara aikin, wani masani a Samaru mai suna David Norman ya yi bincike a ƙauyukan Zariya ya nuna cewa gaurayen nan ya fi riba a kan wahalar da aka sha, ya kuma fi tsare mutum daga asara. Binciken na nan a jami'ar da ke ba su shawara, amma tsarin ya riga ya fito daga Washintan.

Sai kuma farashi. Kuɗin auduga hukuma ce ke yankewa, kuma daga 1977 Hukumar Auduga ta ƙasa mai hedikwata a Funtuwa ce ke saye. Hatsi kuwa kasuwa ce ke yanka masa kuɗi, birane na cika, farashin sa na ta hawa. Manomi ba ya buƙatar digiri kafin ya yi wannan lissafi. Ya je cibiya ya sayi takin da gwamnati ta zuba wa rangwame mai yawa, ya ce na gode, ya kai shi gonar dawa. Wani takin ma bai kwana a Nijeriya ba, don Shinkafi da Zurmi ba su da nisa da iyaka. A ƙasar Funtuwa, inda ruwa ya fi, masara ce ta ci moriyar aikin, har ta zama abin da mu ka sani yau. Arewacin Zamfara kuwa ƙasa ce mai jigawa da gajeriyar damina, masara ba ta samu wannan karɓuwa ba. Auduga, wadda ita ce aka sa ran za ta biya bashin, ba ta kai inda aka yi hasashe ba, kuma bitar da bankin ya yi da kan sa daga baya ta amsa cewa ƙaruwar amfanin gona ta gaza lissafin farko. Abin da kowa ya yarda ya yi amfani shi ne hanyoyi, da kuma sabo da takin zamani.

Wa ya fi cin moriya? Malamin gona mutum ne, babur ɗaya gare shi, kuma an ce masa ya fara da manoman da su ka fi saurin karɓar sabon abu. Su wane ne waɗannan? Mai unguwa, ɗan kasuwa, ma'aikacin da ya yi ritaya, mai shanun huɗa. Masana irin su Gavin Williams da Bjorn Beckman sun yi rubutu mai zafi a kan haka, su na cewa aikin ya ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne. A Kaduna, Gwamna Balarabe Musa ya ƙi amincewa da sharuɗɗan bankin na faɗaɗa aikin Funtuwa zuwa jiha baki ɗaya, musamman batun damƙa manyan kujeru ga baƙi, kuma rancen Kaduna bai tabbata ba sai bayan an tsige shi. Ni a gani na masu sukar sun yi gaskiya a kan rabon, amma sun rage wa ƙaramin manomi wayo. Bai zauna an cuce shi kawai ba. Ya karɓi hanya, ya karɓi taki, ya ƙi kaɗar Yuni. In aka kwatanta da abin da ya faru a Bakalori, can yamma kaɗan, inda aka karɓe gonaki don madatsar ruwa har 'yan sandan kwantar da tarzoma su ka buɗe wa manoma wuta a Afrilu 1980, aikin Gusau ya na da wannan falala guda: bai raba kowa da gonar sa da ƙarfi ba.

Da wa'adin aikin ya cika a 1980, maimakon a tsaya a duba, sai aka faɗaɗa. A 1982, zamanin Gwamna Garba Nadama, Jihar Sakkwato ta samu rancen dala miliyan 147 don aikin da ya game jiha, ƙarƙashin hukumar SARDA, da kamfanin FASCO mai sayar da kayan noma. A nan ne Ƙaura, Shinkafi da Zurmi su ka shiga tsarin gaba ɗayan su. Abin ban sha'awa, nasarar da aka fi tunawa da ita daga wannan zango ba ta cikin manyan buƙatun farko. Ita ce 'yar rijiyar burtsatse ta fadama da ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur. A fadamun Gagare da Bunsuru ruwa ba ya da zurfi. Mutumin da a da ya ke wuni ya na jan jigo don 'yan komaye kaɗan, yanzu ya shayar da fili mai faɗi na albasa, tumatir, tattasai ko shinkafa. Ba wanda ya yi masa majigi a kan wannan. Ya ga na maƙwabci, ya lissafa, ya saya. Daga nan ne shirin Fadama na ƙasa ya samo tushe a farkon shekarun 1990.

Bayan hukuma ta janye

A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin ciniki a ƙarƙashin shirin SAP. Da ma manoma ba su yi kukan rabuwa da su ba, don an sha karɓar auduga a ba mutum takarda ya yi ta jiran kuɗi. Amma hukumar ta tafi da wasu abubuwa da ba wanda ya gaje su: rabon tsabtataccen iri, tantance lamba, da dokar ƙone kara. Iri ya gauraye, masu saye su ka yawaita, wasu masu sayarwa su ka koyi zuba ruwa da yashi don nauyi, sunan audugar Nijeriya ya zube. Daga baya masaƙun da ke saye su ma su ka bi, saboda rashin wuta da kwararowar atamfar waje. Masaƙar Gusau ta rufe, na Kaduna su ka rufe. Jirgin kaya ya daina zama abin dogaro, tirela ta karɓe aikin, kuma tirela ba ta da dalilin tsayawa a Ƙaura.

Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a Oktoba 1996 ta gaji nata kason na aikin, ta kuma ɗauki kirarin noma a matsayin abin alfaharin ta. Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya kawo shirin ZACAREP na bashin taki da iri ta hannun ƙungiyoyin manoma. Asusun IFAD ya shigo da nasa shirin na raya karkara, Babban Banki ya zo da Anchor Borrowers daga 2015. Sunaye sun canza, amma wanda ya karanta takardun 1975 zai gane fuskar: ƙungiya, fom, taki, iri, alƙawarin mai saye da kaka, sai kuma rigimar biyan bashi.

Abin da babu shi a lissafin kowa shi ne daji. Dajin da ke gabashin Zurmi, wanda aka keɓe don kiwo tun shekarun 1960, da dazuzzukan da ke kewaye da Shinkafi, su ne su ka zama mafakar 'yan bindiga tun daga shekarun 2010. A ƙauyuka da yawa sai an biya su kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Hanyoyin burjin da aka yi don fito da amfanin gona, wasun su yanzu babura ne ke bin su da dare. A Satumba 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya na tsawon makonni. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, wadda ke tara fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya, ita ma ta tsaya a lokacin.

Na sha mamakin yadda marubutan mu da masu shirya finafinai su ka bar wannan labari a ƙasa. Ga ɗan baranda da sikelin sa, ga malamin duba, ga Baturen aiki da taswirar sa, ga magidancin da ya ci falle ya na kallon 'yar sa ta isa aure, ga matan da ke soya ƙuli a cikin gida su na sayen gyaɗar da hukuma ke so ta kai Legas. Tashar ma ta na nan a Ƙaura, ba sai an gina wa fim ɗin komai ba. Akwai kuma dattawan da su ka yi dako a cikin ta su na samari, yanzu sun haura tamanin, kuma har yau in ka zauna da ɗayan su zai gaya maka buhu nawa wagunu ɗaya ke ci.